Binnen da Kusu Ya Tone

Bazarar bana ta yi mana tsawo. Kullum da la'asar hadari zai haɗu ta gabas, ya yi baƙi kamar da gaske, mu bi shanya da gudu muna kwashewa, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da zufa da ciwon baya. Ɗana Mamman ya gaji da kallon sama. Ya ɗauki sungumi ya je ya yi binne, ya zuba irinsa a busasshiyar ƙasa ya rufe, ya bar shi yana jiran ruwan fari. Shekaranjiya ya dawo daga gonar a kan babur, ya same ni a inuwa ina tsinke zogale.

"Inna, kusu ya taɓa mani binne wajen gindin sabara," in ji shi. "Ba wani abu na ba, layi kaɗan."

Yana faɗa yana duba wayarsa, ya ce ranar kasuwa zai sayi magani a teburin 'yan koli, iri kuma ga shi nan buhu-buhu a shaguna in an rasa. Ni kuwa zogalen ya tsaya a hannuna. Da aka sauke tuwo na kai loma baki ta ƙi wucewa, har matarsa ta tambaye ni ko miyar ce ba ta yi ba. Miya ta yi. Kusu, ɓeran nan, shi ne ya raba ni da uban yaron nan, shi kuma bai san yadda aka yi ba, don lokacin ko magana bai gama iyawa ba.

A lokacin ba a Filinge muke ba. Muna ƙauyenmu na ƙasar Kurfai, inda rairayin kwari ya ƙare dutse ya fara. Gidan surukaina nake, da Baba uban mijina, da Iya matarsa, da maigidana. Ba zan faɗi sunansa ba, har yau bakina bai saba ba. Dogo ne, marar yawan magana, mai son gona kamar ita ta haife shi. Samarin Kurfai duk rani sai su tafi bida, neman kuɗi, wasu Yamai, wasu har bakin teku, amma shi bai taɓa wuce kasuwar Bankuku ba. Wansa ya tafi tun kafin a kawo ni gidan, ya aiko da bargo da rediyo, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Don haka maganar tafiya ba a yin ta a gidanmu. In abokansa suka tsokane shi, sai ya ce musu, "Ni in dai da iri cikin tulun Baba, ba ni zuwa ko'ina." Su yi dariya, ni kuwa na ɗauki maganar na adana.

Tulun nan yana ƙuryar ɗakin Baba. Kowace kaka tsohon zai bi gona da kansa kafin girbi, ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya sa a sussuka su dabam, ya gauraya da toka, ya zuba a tulu ya liƙe bakin da laka. Irin kakanninsu ne, hatsi mai saurin nuna wanda ya san ƙasarmu ta san shi. In na shiga share masa ɗaki nakan ɗan jingina tsintsiya in ƙwanƙwasa cikin tulun da yatsa, in ji ya amsa da nauyi, in ci gaba da sharata.

Shekarar da abin ya fara, ina da 'ya ɗaya da ta fara wayo, ga cikin Mamman. Ita ce ta fari, don haka ba na kiran sunanta, ba na wasa da ita a gaban mutane. Iya ce uwarta a fili, ni sai dai in saci kallo. Nakan ce "ke" ko "yarinyar nan", ita kuma ta san da ita nake.

Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ƙara sauka hatsi ya kai gwiwa, daga nan sama ta rufe. Muka zuba ido ganye yana naɗewa, yana fari, har ya zama in ka taɓa shi sai ya karye a hannunka. Rana takan fito ja tun da safe. Ƙasa ta yi zafin da ko jaki ba ya yarda ya tsaya wuri ɗaya. Aka yi roƙon ruwa, aka sake, mata suka fita da ƙwarya da ludayi suna waƙa, babu ko ɗigo. Da kaka ta zo, abin da muka girba kara ne.

Shanu suka fara zubewa. Fulani da Buzaye suna gangarowa daga arewa suna neman kudu, suna barin mushe a hanya, har ungulu ta ƙoshi ta daina tashi in ka zo kusa. Mu mata muka koma daji. Da asuba mu fita mu tsinko anza, 'ya'yan icen nan masu ɗaci, a jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Mu sharo ƙarangiya mu daka, ƙayar tana shiga har ƙarƙashin farce. Mu dafa ganyen jiga da ɗan gishiri mu kira shi abinci. In an ji ana rabon jar dawar taimako a Filinge, maza su taka da ƙafa su wuni a layi, su dawo da abin da ba zai kai Juma'a ba. Yunwa ba ciwon ciki ba ce, kamar yadda jikokina suke zato in azahar ta wuce ba a sauke ba. Sanyi ce a gwiwa, da jiri in ka miƙe, da wani ɗanɗanon ƙarfe a baki wanda ruwa ba ya wankewa.

Maza kuma suka bi duk abin da ke motsi. Bushiya, damo, guza, kurege, zabin daji, babu wanda ya tsira. Makiyaya suka zuba guba a mushe, saboda dila da yanyawa suna ɗauke musu 'yan awakin da suka rage. Maciji dama ba a barinsa. Kyanwoyin gari suka rame suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tambayi inda suka shiga. Duk wannan wahala Baba bai fasa bakin tulun da ya liƙe ragowar iri a ciki ba, kuma babu wanda ya ce ya fasa.

A kan gonarmu, jifa ɗaya daga dangar gida, akwai wani tsohon gawo mai kogo. Hatsin da ke ƙarƙashinsa kullum ya fi na ko'ina tsawo, don da rani dabbobi suna wuni a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi, da damina kuma ya zubar da ganye ya bar wa shuka rana. Mujiyoyi ne a kogon tun kafin a haifi maigidana. Farare ne, masu faffaɗar fuska. Da magariba za ka ji sun fara kukan nan nasu mai kama da yagewar zane, su fito su bi gona ƙasa-ƙasa, fukafukansu ba sa ƙara ko kaɗan. A wurinmu ba a kiran sunan mujiya bayan faɗuwar rana, sai a ce tsuntsun nan. An ce in ta ratsa ta kan yaro takan ɗauke masa kurwa, ya kama shiɗewa ya tafi. Da ta yi kuka Iya za ta jefa gishiri a wuta ta ce, "Rabi, shigo da ɗiyag ga ɗaka, ruhe mata kai." Haka na tarar ana yi, haka na yi.

Da bazara ta yi tsakiya baƙon dauro ya shigo gari. Yaran da yunwa ta riga ta cinye ba su da abin tsayawa da shi. Ba a wuni ba a ji kuka daga wani gida ba, har aka daina shelar jana'iza, sai dai ka ga maza sun wuce da 'yar tabarma a naɗe. Cikin wannan hali na haifi Mamman. Ban gama wankan jego ba yarinyar ta kwanta. Jikinta ya yi zafi, idanunta suka liƙe, ƙuraje suka fito suka koma. Ranar da ta fi jin jiki na fito da magariba in ɗebi ruwa a randa, sai ga mujiya zaune a kan dangarmu, wajen rumbu. Ba ta taɓa zuwa kusa haka ba. Ta juyo da farar fuskar nan, ta sunkuyar da kai, ba ta tashi ba sai da Iya ta jefe ta da muciya. Washegari kafin hantsi yarinyar ta cika.

Ban yi kuka a fili ba, kunya ba ta bari ba. Na zaga bayan ɗaki na cusa zane a baki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta zo ta tafi ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba. Uban kuwa ya dawo daga maƙabarta ya zauna a gindin danga, daidai inda tsuntsun ya sauka, ya ƙi ci ya ƙi sha.

Bayan sadakar uku ya tara samari. Bai sha wahalar tara su ba, kowane gida akwai wanda aka rasa, kowa kuma ya tuna ya ji kukan tsuntsun kafin nasa rashin. Da rana tsaka suka nufi gawon da kara da ciyawar rufin wata tsohuwar bukka. Baba ya fito yana dogara sanda.

"Ku kashe tsuntsu in kun ga dama," ya ce, "amma ku bar mani iccena. Gawon ga shi ka ba gonag ga taki."

Maigidana bai taɓa mayar wa ubansa magana ba sai ranar. "Baba, ɗiyata tana cikin ƙasa," ya ce. "Icce za mu tsaya yi ma kuka?"

Baba ya juya ya koma ɗaki. Suka cusa karan cikin kogon suka kunna. Hayaƙi ya turnuƙe, mujiyoyin suka fito rana ta makantar da su, suna karo da rassa, samari suna bugu da sanduna. Akwai 'ya'ya a ciki, na ji hucinsu har ya ɗauke. Daga nan suka bi ramukan dutse, da tsohuwar rijiya, da rumbunan da aka bari, duk inda aka san mujiya tana kwana. Ƙauyukan kusa suka ji suka yi nasu. Ina tsaye a bakin danga da jinjiri a hannu, kuma raina ya yi sanyi a ranar. Gani na yi an rama wa 'yata.

Ba a daɗe ba ciwon ya bar garin. Yanzu na san baƙon dauro haka yake, in ya gama da waɗanda zai kama sai ya wuce. Amma a lokacin kowa ya ce ga shi nan, an kashe tsuntsu mutuwa ta tsaya. Tsofaffi suka riƙa tare maigidana a hanya suna sa masa albarka. Magariba ta zama shiru, Iya ta huta da ɓarnar gishiri. Gawon ya tsaya baƙi ƙirin, bai sake fitar da ganye ba.

Daminar da ta biyo ta zo da ruwa sosai. Har yau ina jin ƙamshin ƙasar nan na ruwan fari, da yadda muka fito muka tsaya a cikinsa ba wanda ya nemi mafaka. Baba ya fasa bakin tulu aka shuka. Daji ya yi kore, ciyawa ta kai ƙugu, ta kai ƙirji, kuma babu saniyar da za ta ci. Ta yi 'ya'ya ta bushe a tsaye ta zubar da su, har kana jin ƙwayar a ƙarƙashin ƙafa in kana tafiya. Muka ce arziki ne. Hatsi ya yi daidai gwargwado, don ƙarfin noma ya ragu a jikin mutane, amma rumbu ya ɗauki nauyi, Baba kuma ya sake cika tulunsa. Maigidana ya fara dariya. Ya ɗora Mamman a wuya yana zagaya gona da shi, yana nuna masa iyaka kamar yaron zai gane.

Da sanyi ya shigo na fara ganin sawu. In na fito shara da safe sai in tarar rairayin tsakar gida duk an zane shi da 'yan ƙafafu, ga jan wutsiya a tsakani. Sai ramuka, a gindin sabara, a gindin danga, a ƙarƙashin murhu. Kafin tsakiyar rani kusu ya fi mutanen Kurfai yawa nesa ba kusa ba. Ba irin na ɗaka kaɗai ba, har da jajayen nan na daji masu dogayen ƙafafun baya. Suka ci sabulu, suka ci igiyar guga, suka huda ƙwarya. Mutum yana barci su gaigaye masa kaushin diddige, Iya ta sha tashi da jini. Mamman a kan ƙirjina yake kwana don kar su taɓa masa yatsu. Rumbu muka ƙara ɗagawa a kan duwatsu, muka zuba toka, muka kewaye da ƙaya, duk a banza. Ka zaro dami ka ji shi sakayau, ka girgiza sai kashinsu da ƙaiƙayi. Warin fitsarinsu ya kama fura, ya kama tufafi, har yau in na shiga shagon da ke da shi sai in juya in fita.

Jikata Ramatu, 'yar Mamman da ke kwaleji, ta taɓa zama kusa da ni tana haddace darasi da ƙarfi cikin Faransanci, ta hana ni gyangyaɗi. Na ce to tunda ba za a bar ni in huta ba, a juya mini in ji. Ta ce wai ciyawa tana ciyar da saniya da fara da kusu, kusu kuma ya ciyar da maciji da shaho da dila, in suka mutu duka su koma ƙasa su ciyar da ciyawa. In aka cire guda, wani ya yi yawa, wani ya ƙare. Gaskiya aka koya mata. Sai dai a bakinta abin ya zo a jere, a wanke. Mu a warwatse ya zo mana, wannan bana wancan baɗi, da yunwa da makoki a tsakani, ba mu ga abu ɗaya ba ne. Mun ɗauka masifu ne kawai suke zuwa bi da bi.

Tulu dai ya tsira, laka da toka sun fi ƙarfin haƙorinsu. Da bazara ta yi, Baba ya ce a yi binne da wuri ko hatsi ya riga yunwa isowa. Maigidana yana gaba yana sara da sungumi, ni da Iya muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Muka gama da yamma, baya kamar zai tsinke. Da safe ya je dubawa ya daɗe bai dawo ba, na bi shi. Na same shi tsaye a tsakiyar gona, hannu a ƙugu. Kowane rami an buɗe shi, ɗaya bayan ɗaya, layi bayan layi, babu wanda aka tsallake. Ko mu da muka shuka ba mu bi layi da kyau haka ba.

Gari ya tashi tsaye. Aka yi gayya, ba ta noma ba, ta kusu. Mata muna jan ruwa daga rijiya har igiya ta cinye mana tafin hannu, muna ɗurawa a ramuka, maza suna tsaye da sanduna da kalme, makaɗi yana bugawa. Ana tara su tsibi-tsibi ana ƙonawa. Washegari kamar ba a taɓa ko ɗaya ba. Malamin gona ya zo da wani garin magani, aka kwaɓa da dusa aka ajiye a bakin ramuka. Kusu ya mutu da yawa, gaskiya. Sai kuma muka fara tsintar shirwa da shaho a ƙasa, fukafukai a buɗe, sun ci matattun. Kajinmu suka bi. Wata kyanwa guda da ta rage a unguwarmu, wadda ake aronta gida-gida kamar turmi, ita ma aka same ta a bayan masallaci ta sandare. Bayan 'yan kwanaki na daji suka cike gurbin waɗanda suka mutu.

Ruwan fari ya sauka muka sake shuka a jiƙaƙƙiyar ƙasa, muna cewa in ya yi saurin tsira ya tsere musu. Suka tone shi yana kumbure, ya fara fitar da farar saiwa. Ashe ma a haka suka fi sonsa.

Ranar da Baba ya juye tulun duk muna tsakar gida. Abin da ya fito bai cika babbar ƙwarya ba.

"Abin da yar rage ke nan," ya ce.

Iya ta ce, "A dake shi yaro shi sha hura, tunda ƙasa ba ta riƙewa."

"Iri ba a cin shi," in ji Baba. "A shibka."

Maigidana ya ce, "Mu shibka. Amma Baba, in wanga yat tahi, ni ma sai in tahi. Ba ni zama in ga Mamman ya bi yayatai."

Iya ta tashi ta shiga ɗaki, don ta taɓa jin irin wannan magana daga bakin wan maigidana. Ni kuwa na tsaya ina kallon ƙwaryar nan. Zaman mijina ne a ciki, gauraye da toka.

Babu dabarar da ba mu yi ba. Iya ta jiƙa irin a ruwan ganyen dogon yaro da taba. Malam ya tofa. Wani ya ce sawunmu suke bi, shi ya sa ba sa kuskuren rami, don haka ina shukawa ina jan reshen sabara a bayana ina share sawu, kamar ɓarauniya a gonar mijina. Maigidana ya koma gona da kwana. Da magariba ni da Iya mu fita da gwangwani da tsohuwar tasa muna kaɗawa a gefen gona har hannu ya mutu. Muna kaɗawa suna wucewa ta kan ƙafafunmu. In mun tsaya hutawa sai a ji sama shiru, babu abin da ke shawagi, ƙasa kuwa tana ta motsi.

Wani abu ya tsira. Na ga koren nan siriri na durƙusa na yi hamdala. Suka bi shi suka datse daga tushe. Abin da ya kuɓuta tsilla-tsilla ne, nan guda can guda, ga shi shukar ta yi latti, ruwa ya ɗauke kafin kai ya cika. Abin da muka girba ni kaɗai na ɗauko shi a ka zuwa gida. Baba ya bi zangarniyoyin ɗaya-ɗaya yana murzawa a tafin hannu, bai sami ta iri ba. Ya wanke tulun ya kife shi. Kusun kuwa, da suka cinye daji suka rasa abin ci, da kansu suka fara mutuwa, ba sanda ba magani. Amma sun riga sun gama da mu.

Maigidana bai maimaita maganar ba. Na dai ga ya gyara takalminsa, ya zauna ɗinkin wata tsohuwar jakar fata, ya je maƙabarta ya daɗe. Aka ce ranar kasuwar Filinge akwai babbar mota mai zuwa Yamai, daga can a nemi ta kudu.

Ana gobe tafiya na so in soya masa ɗan hatsin nan in daka da barkono da gishiri ya riƙe a hanya, sai na tarar babu itace. Gawon nan ya faɗi tun tsakiyar damina, wata iska ta kayar da shi, amma babu macen da ke zuwa kusa, ana tsoron abin da ya taɓa zama a ciki. Rana ta yi, ƙafata ba za ta kai daji ba, tsoro kuma ya riga ya ƙare mini. Na ɗauki gatari na tafi.

Na sari gindin, inda kogon ya sauka. Icen ya ruɓe ta ciki, sara kaɗan ya dare. Sai wani abu ya zubo mini a ƙafa, toka-toka, marar nauyi, kamar audugar tsohon matashi. Wutar samansa kawai ta ƙone. Na durƙusa na ɗiba. Gashi ne a cure, dunƙule-dunƙule, da ƙananan ƙasusuwa a ciki. Na murje guda, sai ga ɗan ƙoƙon kai, bai kai kan babban yatsana ba, da haƙora biyu a gaba, dogaye, masu ruwan goro. Na san haƙoran nan. Na ga aikinsu a ƙwaryata da rumbunmu da diddigen Iya.

Na murje wani, shi ne. Na murje wani. Na zura hannu cikin kogon har gwiwar hannu, har kafaɗa, ban taɓa ƙarshe ba. Shekara da shekaru ne a tare a wurin, watakila tun Baba yana saurayi. Na yi ta tonawa ina watsawa ina neman wani abu dabam. Ban san me nake tsammani ba, ko ɗan kunne, ko laya, ko wani abin da zai ce mini tsuntsun ya taɓa ɗan mutum. Kusu ne, da kusu, sai fiffiken ƙwaro jefi-jefi.

Na zauna a kan icen, rana tana dukana ban ji ba. Na tuna yadda suke fitowa da magariba su bi gonarmu ƙasa-ƙasa. Na tuna wadda ta sauka a dangarmu. A shekarar nan daji ya ƙone, babu kusu ko'ina sai gindin rumbuna, ina za ta je in ba nan ba? Da ta sunkuyar da kai, ba ɗakin da yarinyar take kwance take kallo ba, ƙarƙashin rumbu take kallo. Ita ma yunwa take ji, kuma tana da 'ya'ya a kogo. Na yi kuka a wurin, da ƙarfi, babu mai ji.

Sannan na tuna mutumin da ke gida yana ɗinkin jaka. 'Ya ta tafi, iri ya tafi, gona ta tafi. Abu ɗaya ya rage masa da yake riƙe da shi, cewa ya tashi ya tsare gidansa da hannunsa, kuma shi ya sa Mamman yake raye. In na kai masa ƙoƙon kan nan a tafin hannu, da wace zuciya zai hau mota? Na tura komai cikin kogon da ƙafa, na rufe da rairayi, na sari rassa na ɗaure na koma gida. Ina suya ya tambaye ni me ya sa idona ya yi ja, na ce hayaƙi ne.

Da sassafe ya fito da jakarsa. Ya durƙusa gaban Baba da Iya suka sa masa albarka. Na raka shi bakin danga, iyakar inda mace take kaiwa. Saƙonsa ya zo a shekarar farko, atamfa da 'yar riga ta Mamman. A ta biyu wani ɗan garinmu ya ce ya gan shi a tashar jirgin ruwa yana dako. Daga nan babu wanda ya sake cewa ya gan shi, a raye ko a mace. Don haka abin da ya rage mini na muryarsa shi ne abin da ya faɗa a bakin dangar nan. Ya ɗaga Mamman ya sunsuna kansa ya miƙo mini shi, ya dubi wajen da gawon yake kwance.

"Rabi," ya ce, "ki riƙa shigo da yaron ga ɗaka tun kahin magariba. In kin ji tsuntsun nan ya dawo, kak ki jira ni. Ki kira samari su sa mai wuta."

Na ce, "To."